Ƙafar 'Yar Sakkwato

Tudun Ƙofa,
Keffi.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Fatakwal lafiya, ya tsare ka a masauki da wurin aiki, ya haɗa ka da mutanen kirki a kamfanin bututun man da ka tafi. Babanka yana gaishe ka, yayyenka ma haka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don ba ka daɗe da barinsa ba, kuma ba abin da ya canza. Da hannuna nake rubutun nan, rubutun ajin yaƙi da jahilci, in ka ga layi ya karkace ka bi shi a hankali. Ban kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba, saboda maganar tsakanina da kai ce. Ka sami wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

Ka tashi kana jin ana ce maka ɗan akuya, kana fushi, har ka taɓa fasa wa wani yaro baki a makaranta a kan haka. Ka san da nonon akuya aka raine ka, ka kuma san akuyar gurguwa ce. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi ta gurgunce. Shi zan gaya maka, tun daga farko.

A shekarar da aka samu mulkin kai na haife ka, da sanyi. Bayan suna zazzaɓi ya kama ni, nono ya kumbura ya yi ruwa, da na warke sai ya ƙafe ƙaf. Matar ƙanen babanka ta shayar da kai na ɗan lokaci, sai ita ma ta sami ciki, aka ce ta daina. Aka gwada madarar gwangwani ta kanti, cikinka ya ƙi ta. Awakinmu na nan kuwa ka san su, gajeru ne, nonon da suke yi ko 'ya'yansu ba ya isa. Ana cikin haka wasu fatake suka biyo da dabbobi daga arewa za su kudu, babanka ya je ya sayo wata jar akuya doguwa mai hantsa, da ɗanta a gindinta. Muka sa mata 'Yar Sakkwato. Ina tatsa safe da yamma, in tafasa, in sirka da ruwa, in ba ka da ƙaramin cokali. Ka karɓa. Kafin ruwan farko ya sauka har ka yi kumatu.

Kakarka Iya, mahaifiyar babanka, ba ta so zancen ba tun farko. Ranar da aka shigo da akuyar ta zagaya ta, ta dube ta, ta ce, "Wannan ta ƙasar yashi ce, ba ta san ruwan Keffi ba. Kuma yaron da ya sha nonon akuya ba ya jin magana." Maganar ta zauna mini. A lokacin ina jin kamar duk gidan kallona ake yi a matsayin matar da ta kasa shayar da ɗanta, don haka na ɗauki akuyar nan kamar ita ce mutuncina. Na ce a raina sai Iya ta ga ƙarshen zancenta.

Da damina ta kankama babanka ya rufe keken ɗinki ya tafi gonarsa ta Agwada, kamar yadda yake yi kowace shekara. Aka bar ni da Iya da yayyenka biyu suna ƙanana. Turken akuyar yana can ƙarshen gida a kan tudu, ni kuma na gaji da ratsa ruwa da ƙwarya a hannu. Sai na tumɓuke turken na kafa shi bayan madafa, ƙarƙashin indararo, dab da rariyar da ruwan wanka yake bi. Kusa ne, ina daka ina ganin ta. Ban duba abin da take tsaye a kai ba. Marka ta zo, wurin ya zama taɓo da kashi da fitsari, ita kuma tana ciki wuni da kwana.

Wata safiya na ga tana ɗage ƙafar gaba ta dama. Na ce ƙaya ce. Na ɗaga ƙafar na duba, ban ga ƙaya ba, sai dai tsakanin kofatan biyu ya yi ja, ya jiƙe, da ɗan zafi in ka taɓa. Na goge da gefen zane na sake ta. Da aka kwana biyu ɗingishi ya fito sosai, har ta fara cin harawa a durƙushe a kan gwiwa. Iya ta fito alwala ta gan ta, ta ce, "Hajara, me ya sami akuyar nan take ci a durƙushe?"

Na ce, "Lalaci ne, Iya. Ta ƙoshi ne."

Ta dube ni, ta wuce. Daga ranar na riƙa tatsa tun kafin ta fito, na kuma jingina tsohuwar tabarma ta tare wurin. A lokacin nan da ruwan ɗumi da gishiri da busasshen wuri sun isa su warkar da ita. Abin da ya hana ni kawai shi ne kada tsohuwa ta ce ai ta faɗa.

To, ka ji darasi na farko. Ciwo yana da lokacin da yake da arha, kuma lokacin ba ya daɗewa. In wani abu ya same ka, a jiki ko a wurin aiki, ka faɗa tun yana ƙarami. Wanda kake jin kunyar ya sani, sau da yawa shi ne zai fara tashi ya taimake ka. In ma ya ce ai ya faɗa, ka bar shi ya faɗa, maganar ba ta huda fata.

Da na ga abin yana gaba, sai na shiga tambayar matan da suke shigowa sayen ƙuli-ƙuli, a ɓoye, kamar zancen akuyar wata nake yi. Wannan ta ce baƙin mai na mota, mijinta shi yake shafa wa jakinsa. Waccan ta ce kananzir. Wata ta ce toka da kanwa, wata ta ce garin bagaruwa. Ban zaɓi ko ɗaya ba, duka na yi. Na aika tasha aka samo mini baƙin mai a gwangwani, na kwaɓa da toka da bagaruwa, na cusa tsakanin kofatan, na tsiyaya kananzir a kai. Ban wanke ƙafar ba, ban cire komai ba, a kan dattin na labta. Sannan na yaga tsohon zane na naɗe, na ɗaure tamau da igiya don kada ta cire. Da na gama na ji daɗi, don ido ba ya ganin ciwon kuma.

Ƙafar ta kumbura har sama da ɗaurin. Akuyar ta daina tashi, ta daina tuƙa, ta juya wa dusa baya. Gashinta da yake sheƙi ya tashi tsaye. Nonon da yake cika ƙaramar ƙwarya ya koma rabin ludayi, daga nan sai ɗan abin da zai jiƙa gindin ludayin. Ɗanta yana ta kuka, kai ma kana ta kuka. Na dama koko mai ruwa-ruwa na ɗura maka. Cikinka bai kai ga koko ba, sai zawo. Cikin 'yan kwanaki idanunka suka zurma, maɗigarka ta faɗa, kukan ma ya koma kamar na ɗan mage.

Wari ne ya tona ni. Iya ta biyo shi da hanci har bayan madafa, ta janye tabarmar, ta tsuguna ta kwance igiyar da hannunta. Ina tsaye da kai a baya. Da tsumman ya buɗe, sai da na kauce. Ƙasan kofaton ya yi laushi ya rabu da nama, baƙin ruwa yana fita, tsutsa tana motsi a ciki. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da za ta ce.

Ta ce, "Ɗora ruwa a wuta. Ki kawo gishiri."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta wanke ƙafar, ta tsince tsutsar da tsinke ɗaya bayan ɗaya, ta sa muka ciccibi akuyar muka mai da ita zaure inda yake a bushe. Da ta gama ta wanke hannu, ta ɗauki mayafi da kwano ta fita. Tsohuwar nan da gwiwa take damunta, ta bi gida-gida duk inda aka ce akuya ta haihu, tana roƙon a tatsar mata ko cokali biyu ne. Da safe kuma ta je bakin gari ta tare matan Fulani kafin su shigo kasuwa, ta karɓi madarar da ba ta kwana ba. Da wannan muka riƙe ka, kana sha kana amayarwa, wani ya zauna wani ya fita. Har ta rasu ba ta taɓa tayar mini da zancen ba.

Na biyu ke nan. Duk wanda ka tambaya magani zai ba ka, don ba ƙafarsa ba ce. Yanzu ma abin ya fi yawa, tunda kuɗin mai ya shigo kowace tasha akwai mai akwati yana sayar da kafso da allura, yana rantsuwa. Kada ka haɗa maganin mutum biyar a kan ciwo ɗaya. Kuma kada ka rufe abin da ba ka wanke ba. Ɗaurin nan da na yi ba don akuyar na yi ba, don idona na yi shi.

Babanka ya dawo daga Agwada a makon, saboda ɗinkin bikin mulkin kai ya taso, makarantu suna son riguna da tutoci. Ya shigo zaure ya tarar da akuya a kwance, ya leƙa ɗaki ya gan ka. Sannan ya ce, "Gara a kira mahauci tun tana da sauran numfashi, kada ta zama mushe."

Na ce, "Malam, in aka yanka ta, yaron fa?"

Ya ce, "Yanzu ma me take ba shi?"

Gaskiya ya faɗa. Amma a tsakiyar damina fatake ba sa biyowa, ba inda za a sami wata mai nono irinta, kuma roƙon da Iya take yi ba abin da zai ɗore ba ne. Sai Iya ta ce akwai malamin dabbobi da aka kawo garin, wani saurayi Yohanna, ɗan ƙabilar Mada, yana zaune wajen hanyar asibiti, a kira shi. Babanka ya ce to. Ni ce na ƙi. Na ji mata suna cewa ma'aikatan nan in suka ga dabba mai ciwo sai su tafi da ita su ƙone, su kuma rubuta sunan gidan. Wata ma ta ce allurarsu tana ƙafar da nono har abada. Ba wadda ta ga hakan da idonta, ni ma ban tambaya ba. Na yi ta kuka ina cewa a bar ni da ruwan gishiri. Babanka ya ga halin da nake ciki ya ƙyale ni. Muka ƙara ɓata kwanaki a haka. Ruwan gishirin ya kashe wari kaɗan, amma ruɓar ta riga ta shige ƙarƙashin kofato inda ruwa ba ya kaiwa, kumburin kuma ya taru a saman kofaton ya yi tauri.

Iya ba ta sake shawara da ni ba. Ta dawo daga wurin Fulani wata safiya, sai ga ta tare da mutum yana tura keke, da jakar fata a ɗaure a baya. Siriri ne, da gajeren wando, Hausarsa irin ta wanda ya koye ta da girma. Ya gai da babanka, ya durƙusa ya gai da Iya, ya ce da ni, "Sannu, uwargida. Ina mai jinyar?" Na ɗauka kai yake nufi, ashe akuyar.

Ya ɗaga ƙafar ya shinshina, ya danna nan ya danna can, ya duba sauran ƙafafun uku da na ɗanta. Ya tambaye ni abin da na sa. Na lissafa masa, ina jiran faɗa. Ya ce, "To. Yanzu za mu cire duk abin da ya mutu. Za ta yi kuka, amma ba mai rai nake yanka ba." Na tambaye shi ko tafiya zai yi da ita. Ya ce, "In kai ta ina? Ɗakina ɗaya ne."

Aka fito da ita haske. Babanka ya danne kafaɗa da wuya, aka ce in riƙe ƙafar. Yohanna ya fito da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki, ya wanke ta, ya fara feƙe kofaton kaɗan-kaɗan, kamar mai feraye rogo. Duk inda kofaton ya rabu da nama sai ya bi shi ya yanke. Baƙin abu yana zuba, wari ya cika gidan. Da ya matso ciki akuyar ta kurma ihu ta fizge, na ga ɗan jini, sai na saki ƙafar. Na ce, "Ya isa haka, malam. Ka bar ta."

Ya dakata, bai ajiye wuƙar ba. Ya ce, "Uwargida, zo ki gani." Ya sa bakin wuƙar ya ɗaga wani ɓangare da ni nake gani lafiyayye ne. A ƙarƙashinsa rami ne cike da mugunya. Ya ce, "In na bar wannan, daga nan zai sake tashi, wahalar da ta sha yau ta tafi a banza. Tausayin da za ki yi mata shi ne ki riƙe da kyau mu gama da wuri."

Na kasa sake kama ƙafar. Iya ta ce in matsa. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta kama ƙafar akuyar da hannu biyu ta ɗora a cinyarta, ba ta sake motsi ba har ya gama. Ya bi ramin har ƙarshensa. Kumburin sama kuma ya yi masa sakiya, ya matse, abin da ya fito ya kusa cika murfin kwano. Sannan ya wanke da ruwan ɗumi, ya jiƙa wani shuɗin gari mai kama da gishiri a gwangwani, ya tsoma ƙafar a ciki ya riƙe ta na ɗan lokaci. Ya yi mata allura a cinya. Bai ɗaure da komai ba, ya ce iska tana cikin maganin. Ya sa aka tattara abin da ya feƙe aka ƙone, ya hana a sake ɗaure dabba a bayan madafa.

Kafin ya tafi ya leƙa ka a hannuna. Ya ce shi ba likitan mutane ba ne, amma yaron nan asibiti yake so, yau ba gobe ba. Wannan karon ban yi gardama ba. Iya ta goya ka, babanka ya bi ta har asibiti, aka ba ka wani ruwa da aka ce a riƙa ɗura maka kaɗan-kaɗan. Zawon ya tsaya.

Ga na uku, har da na huɗu a ciki. Kada ka guji wanda ya koyi abu saboda jita-jitar waɗanda ba su taɓa zuwa wurinsa ba. Inda ka tafi, likita da shugaban aiki da maƙwabcin ɗakinka duk ba yarenka za su yi ba, wataƙila ba sallarka suke yi ba. Ka duba aikin hannun mutum. Kuma in an fara gyara, ka daure a kai ƙarshe. Ni da na ce a bari, ba akuyar na tausaya wa ba, kunnena ne ya gaji da kukanta.

Babanka ya ajiye ɗinki na yini guda, ya kafa mata rumfa a kan tudu, ya zuba tsakuwa, ya shimfiɗa itatuwa a jere kamar gado yadda kashi da fitsari za su zube ƙasa. Yohanna ya bar mini gwangwanin shuɗin garin, ya nuna mini yawan da zan jiƙa. Ya ce safe da yamma in wanke ƙafar in tsoma, in share rumfar kullum, kada ta taka jiƙaƙƙen wuri. Ya ce, "Ko kin ga tana tsalle, kada ki daina sai na zo na ce a daina." Ya dawo sau biyu ya ƙara allura.

Na yi yadda ya ce. Ta fara tuƙa, ta fara jan ganyen ɓaure da nake rataya mata, ta sha ruwan dusa da kanwa. Ran nan na fito na tarar da ita a tsaye, tana taɓa ƙasa da bakin ƙafar. Nono ya fara dawowa, daga ludayi zuwa rabin ƙwarya. Kai ma ka fara riƙe abin da ka sha, maɗigar ta ciko. Wurin ciwon ya bushe, sabon kofato fari ya fara tsirowa daga sama.

A nan na yi wautar da ta fi duka, kuma ba ni da wani dalili sai ganin an samu sauƙi. Bikin ya matso, gida ya cika da masu karɓar ɗinki, 'yan'uwa suka zo daga Panda kallon maci, ga girki, ga ni ina taya babanka sa maɓallai. Na fara tsallake tsomawar yamma. Daga baya na ce ai ta warke, na ɗora gwangwanin a kan katanga. Baƙi suna buƙatar rumfar don inuwa, sai na kwance akuyar na bar ta tana yawo a tsakar gida. Ruwan ƙarshen damina bai ɗauke ba tukuna.

Ana gama biki ɗingishi ya dawo. Wannan karon ba a ƙasan kofato ya tsaya ba, ya hau gaɓa. Na aika aka kira Yohanna da kaina. Ya duba ƙafar, ya ce in kawo gwangwanin. Na kawo. Ya buɗe ya ga garin ko rabi bai yi ba. Ya rufe ya miƙo mini, ya koma kan ƙafar, ni kuma na gwammace ya zage ni. Ya ce da babanka kofaton waje ya riga ya mutu tun daga gaɓa, in ba a cire shi ba ruɓar za ta hau ƙafar duka. Aka cire. Wannan karon ni na riƙe, ban saki ba. Jinyar da ta biyo baya ta ninka ta farko tsawo, har aka shiga kaka ina wanki ina tsomawa, sai da ya zo da bakinsa ya ce a daina.

Ta rayu a kan kofato ɗaya a wannan ƙafar. Ta shayar da kai har ka kama tuwo. Ta haihu sau da yawa bayan haka, tana tafiya tana jinkiri kamar mai tunani, kai kuma kana biye da ita kana riƙe da jelarta. Shekarar da aka sa ka makaranta haƙoranta suka ƙare, babanka ya yanka ta aka raba naman sadaka, aka kai wa Yohanna cinya guda. Ni ban ci ba. Gurguntar nan da ka tashi ka gani ba ciwon ne ya yi ta ba, tsallake magani ne. Don haka in likita ya ce ka sha abu har ya ƙare, ka sha har ya ƙare, ko da ka ji kana iya gudu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ban fara da shi ba don na san ka, da ka ninke takardar tun a layin farko.

Bayan tafiyarka na shiga share ɗakinka. Da na ɗaga katifa na tarar da tsummoki a cuccushe, da jini da mugunya a jikinsu, da bawon kafso ja da rawaya waɗanda aka buɗe aka zazzage. Na je wurin mai walda inda ka koyi aiki na tambaye shi. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce ƙusa ka taka tun kafin takardar kiranka ta zo, ta shige tafin ƙafar hagu, ka kuma roƙe shi kada ya faɗa. Sai na tuna yadda ka riƙa sa takalmi sau-ciki har a tsakar gida, da yadda ka hau mota a tasha da ƙafar dama kana jan ɗayar. Na ɗauka nauyin akwati ne.

Na san abin da kake tsoro. An ce likitan kamfani yana duba mutum kafin a ɗauke shi, kana gudun a ce ka koma gida, bayan duk unguwa ta yi maka sallama. To ka saurara. Ƙusar wurin walda mai tsatsa ce, ramin da take yi bakinsa ƙarami ne amma yana da zurfi, kuma garin da ka tafi an ce ruwa ba ya ɗaukewa, aikin ma a cikin fadama ake yin sa da takalmin roba. Akwai ciwon da yake biyo bayan irin wannan, mai sanƙarar da mutum ya sarƙe masa haƙora. Ranar da takardar nan ta same ka, ka je asibiti. Ba kantin magani ba, ba mai akwati ba. Ka gaya musu ƙusa ce, ka gaya musu tun yaushe, ka gaya musu abin da ka zuba. In sun ce za su buɗe, ka bari su buɗe har ƙasa. In sun ce kada ka shiga ruwa, kada ka shiga, ko wa ya ce ka shiga.

Na nuna wa babanka tsummokin. Ya juya su a hannu. Sannan ya ce in rubuta maka cewa in aikin ya kuɓuce saboda wannan, ka hau mota ka dawo, ba wanda zai tambaye ka komai a gidan nan. Ya ce idonsa ya fara gajiya da zura zare, keken ɗinki na biyu yana nan a rufe, kuma kamfani ba ɗaya ba ne a ƙasar.

Malam Ado direban motar doya shi zai kawo maka takardar, ya ce ya san masaukinku. Na roƙe shi kada ya juyo sai ya ga ƙafar da idonsa, ya kuma ga katin asibiti. Ya yi mini alkawari a gaban babanka. Sa'an babanka ne, don haka kada ka tsaya ba shi labari. Ka gaishe shi, ka zauna, ka cire takalmin.

Allah ya ba ka lafiya, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da ruwa da wuta a wurin aikinka. Allah ya sa abin da ka fita nema ya zama mai albarka, ya tsare maka sallarka, ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya fi alheri. Na yafe maka ɓoyewar, kai ma ka yafe mini shiga ɗakinka.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajara.